A bar yaron Bafang ya girma tukuna

Wasannin NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, sai dare ya raba ake buga su a agogonmu, wajen ƙarfe ɗaya ko biyu. Don haka yawancin masu zafin baki a teburin mai shayi a Garwa ba kallon wasan suke yi ba. Lamba ce suke gani a waya da safe, sai guntun bidiyo. Da wannan aka yanke wa Ulrich Chomche hukunci tun kakarsa ta farko: wai tsawo kawai gare shi, wai ba ya jefa komai a kwando.

Wane ne ake wa wannan shari'a? Yaro ne haifaffen Bafang da ke Kamaru a ƙarshen 2005, wanda ya yi horo a makarantar NBA da ke Saly a Senegal. A zaɓen sabbin 'yan wasa na 2024 shi ne na 57 cikin 58, yana da shekara 18, kuma Toronto Raptors ta ɗauke shi a kan kwantiragin da ya raba lokacinsa tsakanin babbar ƙungiya da ƙaramarta, Raptors 905. Ma'ana, su da suka biya kuɗi koyo suka kawo shi. Mu da ko sisi ba mu kashe ba, mu ne ke neman maki ashirin a dare.

Akwai kuma ciwon da muka ɗauko daga ƙwallon ƙafa. Garin Coton Sport ne nan, idonmu ya saba da mai zura ƙwallo a raga. Dogon ɗan wasa a ƙwallon kwando kuwa rabin aikinsa ba ya fitowa a lissafi: ya tare hanya abokinsa ya wuce, ya tsaya ƙarƙashin kwando har mai kutsowa ya fasa. Irin wannan sanin wurin tsayuwa shekaru yake ci.

Su wanene ma muke gwada shi da su? 'Yan ƙasarmu ne biyu da suka riga shi shiga NBA. Pascal Siakam na 27 ne a zaɓen 2016 da Toronto ta ɗauke shi, makinsa a kakar farko bai kai biyar ba a kowane wasa, har aka tura shi waccan ƙaramar ƙungiyar. A 2019 ya ɗaga kofin NBA. Joel Embiid, na uku a 2014, kaka biyu cur bai taka fili ba saboda karaya a ƙafa. A 2023 shi ne gwarzon gasar. Da teburinmu ne ke yanke hukunci, da tuni an sallami dukansu.

Ban ce Chomche zai zama Siakam ba. Yawancin waɗanda ake ɗauka a ƙarshen jeri ba sa daɗewa a NBA, kuma mai faɗin haka bai yi laifi ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce an gama sanin ɗan shekara 19 daga mintunan da aka riƙa ba shi bayan wasa ya riga ya mutu.

Mu 'yan Garwa ma ya kamata mu fi kowa riƙe baki. Vincent Aboubakar ya bar Coton Sport a 2010, ya yi shekara uku a Valenciennes ba wani abin a zo a gani. Da ya koma Lorient ya ci 16 a kaka ɗaya, kuma a 2017 ƙwallonsa ce a ragar Masar ta kawo mana kofin Afirka.