Asibitin da ke neman mai lafiya

A Ingila asibiti ne ke nemanka tun kana kan ƙafafunka. Mace na cika shekara 25 wasiƙa za ta iso gidanta daga hukumar lafiya ta NHS, a kira ta gwajin sankarar bakin mahaifa, kuma ba za a daina kiranta ba sai ta kai 64. Daga shekara 50 sai a ƙara mata da hoton mama duk shekara uku. Gwajin sankarar hanji ma ta akwatin wasiƙa ake jefo shi: 'yar kwalba da ɗan tsinke, ka laƙato bayan gida kaɗan, ka rufe, ka mayar ta gidan waya. Ko sisi ba a karɓa, an riga an cira a haraji.

A gida Najeriya kuwa asibiti na wanda ciwo ya kayar ne. Mace za ta ji ƙululu a nono, ta fara da kemis. Daga nan wata ta ce ai daji ne, daji kuma ba ya son allura, sai a koma jiƙe-jiƙe da shafe-shafe. Kafin a kai ta asibitin Shika a Zariya ko Asibitin Malam Aminu Kano abin ya fashe, ya ci jiki, likita ba shi da abin yi sai rage raɗaɗi.

Da an zauna hira a nan Ingila sai ka ji 'yan'uwanmu na cewa jahilci ne. Ni ban yarda shi ne babba ba. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya a Najeriya daga aljihun majinyata yake fitowa. Wanda ya san in aka gano ciwon sai an sayar da gona, me zai kai shi neman a gano? A Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 na kasafin kuɗi, gwamnatin tarayya kuwa ba ta taɓa kaiwa ba. Shi ma zargin da ake wa allura ba daga sama ya faɗo ba; Kano ba ta manta gwajin maganin da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a 1996 ba.

Nan Ingilar ma akwai bambanci, kuma yana ci mini rai. Baƙar mace ta fi farar mace haɗarin mutuwa wajen ciki da haihuwa fiye da ninki biyu. Na kuma ga wasiƙar gwaji a ɗakin wata 'yar'uwa an ɗora mata kofin shayi, ko buɗewa ba a yi ba. Kunya ce, da tsoron kada namiji ya duba ta, alhali tana da damar cewa mace take so.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mata kusan 12,000 suka kamu da sankarar bakin mahaifa a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu, ga shi ciwo ne da ake iya tarewa. Tun Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa wannan sankara, kyauta; Kano da Jigawa da Bauchi da Kebbi na rukunin farko. Iyaye, don Allah a kai su.

Ba mu da adireshin da za a bi da wasiƙa, amma muna da ranar awo da ranar rigakafin yara, inda mata ke taruwa da kansu. A nan ya kamata a ajiye ungozoma ta duba mama, ta duba bakin mahaifa da ruwan binega, hanyar da ba ta buƙatar wuta ko babbar na'ura. Kano ta tilasta gwajin jini kafin aure a 2024; gwamnatin da ta iya wannan za ta iya ɗaukar kuɗin maganin wadda aka gano tana da ciwon, don in babu shi ba wadda za ta kwanta a duba ta.