Asalin kalmar "bangalo" ba Turanci ba ne

Idan dillalin gidaje a Kano ko Kaduna ya ce yana da bangalo na sayarwa, kowa ya gane: gida ne na ƙasa, ba bene ba. Mutane da yawa kuma suna ɗauka cewa kalmar Turanci ce tsantsa. A Ingila ma akwai masu cewa wai wani magini ne bulo ya ƙare masa, aka ce masa da Turanci "bung a low roof", wato ya ɗora gajeren rufi a haka, daga nan sunan ya fito. Wannan ƙanzon kurege ne.

Daga Indiya kalmar ta zo. A harshen Hindi, "bangla" na nufin abu irin na yankin Bengal, wato a nan gida irin na mutanen Bengal. Ɗakin manoma ne, na laka da gora, da rufin ciyawa mai saukowa ƙasa-ƙasa don kada ruwan damina ya ci bango. Tun a ƙarni na 17 ma'aikatan Kamfanin Gabashin Indiya na Ingila suka ari tsarin. Daga baya aka faɗaɗa shi, aka kewaye shi da baranda saboda zafi. Sai wajajen 1870 aka fara gina irinsa a Ingila, a bakin tekun yankin Kent.

Mu kuwa Turawan mulkin mallaka ne suka kawo mana. Tsofaffin gidajen jami'ai na unguwannin GRA irinsa ne.

Abin mamaki, a Indiya yau bangalo ya koma gidan masu hali, ƙato a tsakiyar filinsa, ko da kuwa bene ne.