Cika littafi da rubutu ba shi ne karatu ba

A unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi, idan jarrabawar kammala sakandare ta WASSCE ta ƙarato, za ka ga yaro zaune har tsakar dare yana kwafe littafi kalma bayan kalma, ko yana ja wa kowane layi jan biro. Iyaye su ce, "Masha Allah, ya mai da hankali." Shi ma haka yake zato. Amma hannu yana iya rubutu alhali zuciya tana kasuwar Kejetia.

Abin da ke riƙe hankali shi ne tilasta wa ƙwaƙwalwa ta dawo da abin da ta karanta. Mu da muka yi makarantar allo mun san wannan: ba a wanke allo sai ka biya karatunka da ka a gaban malam. A 2006 masu bincike biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun nuna cewa ɗaliban da suka rufe takarda suka gwada tunawa sun fi masu maimaita karantawa riƙe darasi bayan mako guda.

Shi ya sa na fi yarda da tsarin Cornell na rubuta bayanin darasi. Ka raba shafi: bayani a taƙaice a dama, tambayoyi a hagu, ƙasa kuma jimla biyu da kalmominka. Gobe ka rufe dama, ka amsa tambayoyin.

Dabarar Pomodoro, minti 25 na karatu da 5 na hutu, tana taimaka wa mai nauyin farawa, musamman a gidan haya mai hayaniya. Lokaci kawai take tsarawa. Wayar kuma a ba wa Hajiya ta ajiye, don hutun minti biyar a WhatsApp yakan cinye awa guda.