Ben Enwonwu: kafin fam miliyan ɗaya, akwai gizago

Tun da gidan gwanjon Bonhams na Landan ya sayar da zanen "Tutu" a kan fam miliyan 1.2 a watan Fabrairun 2018, duk inda aka ambaci mai zanen, Ben Enwonwu, mai zane kuma masassaƙi ɗan Najeriya, sai hira ta koma ta kuɗi. A shekarar da ta biyo baya Sotheby's ta sayar da wani zanen nasa, "Christine", a kan fam miliyan 1.1. Aikin ya cancanci farashin, babu musu. Amma wanda ya tsaya a nan, rumbu ya gani bai ga gona ba. Abin da ya kamata ɗalibin zane a Zariya ko Nsukka ya tambaya shi ne yadda hannun ya kai ga haka, domin ra'ayin Enwonwu game da fasaha ya fi fitowa a jikin itace da tagulla fiye da cikin jawabansa.

An haife shi a Anacha a 1917. Mahaifinsa ma'aikacin kamfanin Royal Niger ne, kuma masassaƙin gargajiya. Ya rasu a 1921, ya bar wa yaron kayan aikinsa. Saboda haka kafin Bature Kenneth Murray ya koya masa zane a kwalejojin gwamnati na Ibadan da Umuahia a shekarun 1930, gizago ya riga burushi shiga hannunsa. A 1944 ya tafi Ingila, ya ratsa makarantun Goldsmiths da Ruskin, ya kammala a makarantar fasaha ta Slade a 1947, sannan ya ƙara da nazarin al'adun ɗan Adam. A 1948 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauke shi mai ba da shawara kan fasaha.

Matsayinsa a fili yake, kuma ya kai shi har taron marubuta da masu fasaha baƙar fata da aka yi a Faris a 1956. Turawa irin su Picasso sun ɗebi siffofin sassaƙar Afirka, aka kira abin da suka yi sabon zamani. Ɗan Afirka kuwa da ya ɗauki fentin mai da dabarun auna jiki na Turai, sai a ce kwaikwayo yake yi, ko a ce ya koma ya sassaƙa irin na kakanninsa. Enwonwu ya ƙi wannan rabon gadon. A wajensa dabara kayan aiki ce, mallakin duk wanda ya iya ta, kuma ba ta canja asalin mai riƙe da ita. Na yarda da shi. Sai dai magana irin wannan ba ta tsayawa da ƙafarta sai mai yin ta ya ƙware a ɓangarorin biyu, kuma nan ne ya sha gaban masu maimaita ta a yau.

A ɗauki itace. A 1960 jaridar Daily Mirror ta ba shi aikin sassaƙa bakwai, kowanne mutum ne dogo siriri riƙe da jarida a buɗe. Duk wanda ya taɓa sassaƙa ya san irin wannan siffa ba a samun ta da sa'a. Dole tsawon jikin ya bi tsawon jijiyar itacen, domin hannu ko wuyan da ya gitta jijiya da ɗan bugu yake karyewa. Dole kuma gungumen ya bushe. Ƙa'idar da masu katako ke bi ita ce kusan shekara guda ga kowane inci na kauri, a inuwa, an shafe bakin gungumen biyu da kaki ko fenti don kada ruwa ya fita ta nan da gaggawa. Idan aka yi gajen haƙuri, bayan itacen ya bushe ya tsuke alhali cikinsa da sauran danshi, sai tsaga ta taso daga zuciyar gungumen, sau da yawa a hunturun farko. Shi ya sa gwanaye ke kauce wa zuciyar ko su rarake ta ta baya. Gizago ke fitar da siffa, kurfi ya bi lungu, magagari ya daidaita. A ayyukan Enwonwu da yawa za ka tarar ya goge fuska sumul ya bar sawun ƙarfe a wani wuri, don haske ya riƙa karyewa a kai. Sassaƙan nan bakwai sun ɓace shekaru masu yawa, sai a 2012 aka tsinto su a garejin wata makaranta a gabashin Landan, aka sayar da su fam 361,250 a 2013.

Tagulla ta fi wannan wuya. "Anyanwu", wadda ya yi tsakanin 1954 da 1955 don gidan tarihi na ƙasa da ke Legas, mace ce mai tasowa tana fuskantar rana, kanta ya ɗauko salon kawunan tagulla na sarauniyoyin Benin, jikinta kuwa yana ta sirancewa har ya ƙare kamar tsinin mashi a ƙasa. Tsawonta ya kai wajen mita biyu. Najeriya ta ba Majalisar Ɗinkin Duniya irinta a 1966. Duk nauyin yana sama, ƙasa babu faɗi, don haka siffa irin wannan ba ta tsayuwa sai an lissafa inda nauyi zai sauka tun ranar da ake lanƙwasa rodin da za a ɗora yumɓu a kai.

Ga yadda aikin ke tafiya. A gina siffar da yumɓu a kan rodi da waya. A ɗauki ƙirarta da farar filasta, gunduwa-gunduwa. A shafa narkakken kaki a cikin ƙirar har kaurinsa ya kai milimita 4 zuwa 6, domin kaurin kakin shi ne zai zama kaurin tagullar. A cika cikin da haɗin da wuta ba ta ci, a soke ƙusoshi su riƙe cikon kada ya motsa bayan kaki ya narke. A manna sandunan kaki, wasu hanyar shigar ƙarfe, wasu hanyar fitar iska, a lulluɓe duka, a gasa a zafin da ya kai digiri 600 zuwa 700 har kaki ya tsiyaye, danshi ya ƙare ƙaf. Tagullar gargajiya kusan kashi 90 jan ƙarfe ce, kashi 10 kuza, kuma ana zuba ta a wajen digiri 1,100 zuwa 1,200. Kowane mataki da irin ɓarnarsa. Ragowar danshi yana zama tururi, ya bar ramuka a jikin aikin ko ya watso ƙarfen a kan masu zubi. Ƙarfen da ya huce kafin ya cika sirarran wurare yana barin yatsa guntu. Inda kauri ya haɗu da siranta, mai kaurin ke daskarewa a ƙarshe, ya ja ƙarfe ya bar loɓawa. Babban aiki gunduwa-gunduwa ake zuba shi, a haɗa da walda, a bi da magagari har ɗinkin ya ɓace. Maƙeran fari na ƙasar Hausa sun san tushen wannan dabara a ƙananan kaya, kamar yadda Ife da Benin suka san ta ɗaruruwan shekaru kafin a kafa Slade.

A zane kuwa rawa ce ta fi ɗauke masa hankali, musamman dodannin Ibo irin su Agbogho Mmuo da Ogolo. Yakan ja gaɓoɓi su yi tsawo fiye da ƙima, ya maimaita layin jiki sau biyu ko uku don ido ya ga motsi. Mai koyo ya lura: sai ka san inda kafaɗa take a zahiri kafin ka iya gusar da ita ba tare da jikin ya zama nakasasshe ba. "Tutu" ta fito daga shekarunsa na farfesa a Jami'ar Ife, 1971 zuwa 1975. Ɗan Ibo ya zana jikar wani tsohon Ooni, wato sarkin Ife, 'yan shekaru bayan yaƙin basasa, shi ya sa hotonta ya shiga gidaje da yawa a matsayin alamar sulhu.

Akwai sukar da ba za a share ba. Mutumin da ke kiran a 'yantar da fasahar Afirka shi ne ya karɓi lambar girmamawa ta Birtaniya, MBE, shi ne kuma Sarauniya Elizabeth ta biyu ta zauna masa ya yi mutum-mutuminta a 1957. Matasan da suka kafa ƙungiyar fasaha ta Zariya a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, sun bi hanyar da ta fi tasa nisa da fadar gwamnati. A ganina sukar tana da gaskiya rabi. Dogaro da gwamnati ya ci masa lokaci, ya kuma sa wasu ayyukansa suka zama na biki. Amma a Najeriyar 1950 babu kasuwar zane da za ta biya kuɗin tagulla mai tsawon mutum, kuma haɗa gargajiya da zamani da 'yan Zariya suka ɗaga tuta a kai, ya riga su aikata shi da hannu. Ko a mutum-mutumin Sarauniya sai da wasu a Ingila suka ce ya ba fuskar kamannin Afirka.

Inda laifin ya koma kanmu shi ne kula da abin da ya bari bayan rasuwarsa a 1994. Mutum-mutumin tagulla "Sango" na 1964 an kafa shi a gaban hedikwatar hukumar lantarki a Marina da ke Legas, inda iskar teku ke ɗauke da gishiri. Gishiri da danshi ke haifar da ɗigo-ɗigon kore mai gari a jikin tagulla, wanda ke cin ƙarfen ya yi rami. Maganin ba mai tsada ba ne: a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu marar ƙarfi, a bar shi ya bushe sarai, a shafa kaki siriri sau ɗaya ko biyu a shekara, kuma kada a kusance shi da fenti ko burushin ƙarfe. Na itace kuma a ɗaga su daga ƙasa saboda gara, a nisanta su da rana da bakin na'urar sanyaya ɗaki.

Da yawa daga cikin masu karatu a Arewa ba sa sassaƙa siffar mai rai saboda addini, kuma wannan matsayi ne da ake girmamawa. Amma busar da itace, bin jijiyarsa, lissafin nauyi da zubin kaki duk suna aiki a ƙofar fada, da marfin akushi, da kan sanda, da kayan doki. Sashen koyar da sassaƙa a kowace jami'a zai iya farawa da tukunyar narkarwa mai cin kilo 10 zuwa 20, tanderun gas, ma'aunin zafi, kayan kariya na fata, da maƙerin fari guda daga cikin gari da za a biya shi ya tsaya tare da ɗalibai ranar zubi.