Yadda FreeBSD Ta Tona Mini Asiri a Fada

Kun dai san tsohuwar kwamfutar nan da na saya jaka arba'in kusa da kasuwar Dole, wadda Windows ta fi ƙarfinta. Wani ya ce in sa mata FreeBSD, wata manhajar tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, kyauta ce, ba kuɗin lasisi, tun 1993 ake aiki da ita. Na zuba a kile na USB, na ɗauko ta zuwa fadarmu ta Zango bayan la'asar, don dai a san akwai masu ilimi a unguwa.

Tambayar farko da ta yi mini ta allon rubutu ce, wato tsarin maɓallan haruffa. Ban karanta ba, na danna Enter. Ta ce in zaɓi kalmar sirri ta root, wato mai gida baki ɗaya, na rubuta sau biyu, ta karɓa. Ta gama, ta sake tashi, sai ga wani ƙwallo mai ƙaho biyu a fuskarta.

Nan Baba tela ya leƙo daga shagonsa ya yi a'uziyya. Wai na kawo shaiɗan ƙofar shagonsa. Na ce, "Baba, tambari ne kawai." Ya ce shi bai taɓa ganin tambarin alheri da ƙaho ba. Mutumin da shaddata take hannunsa tun kafin ƙaramar salla! Kullum "gobe in Allah ya kai mu", ga babbar salla ta wuce, na je idi da tsohuwar riga, wuyanta duk ya ci. Rannan da idona na ga almajirinsa yana zaune kan yadin yana cin ƙosai. Shi ne yau yake mini wa'azi.

To, babu hotuna, babu linzami, baƙin allo kawai da "login". Na shiga. Na rubuta pkg install, umarnin saka manhaja, sai na ga "instqll". Ashe allon rubutuna na Faransa ne, AZERTY, ita kuwa tana zaton na Amurka ne: in na taɓa a ta ba ni q, in na taɓa m ta ba ni waƙafi mai ɗigo. Da ƙyar na lalubo kbdmap, umarnin canza tsarin maɓallai, na zaɓi Faransanci, na rubuta shi cikin rc.conf, fayil ɗin saiti, don ya zauna, na sake kunnawa ina murmushi.

Root ta shiga, don haruffanta wuri ɗaya suke a allunan biyu. Kalmar sirri kuwa, "Login incorrect". Sau bakwai. Kuma ba ta nuna ko ɗigo in kana rubutawa, sai mai shayi ya ce ai maɓallan ne suka mutu. An zuba shayi na biyu ban sha ba, gumi har gwiwar hannu.

Sai ƙanen matata, ɗan lise ɗin nan mai kunnuwa, ya matso. "Yaya, da wane allo ka rubuta ta da farko?" Na gane. Abin da na ajiye ba shi nake rubutawa yanzu ba. Ya ce, "Faɗa mini kalmar in juya maka haruffan." Na ce zan rubuta a takarda. Babu biro. Mutum tara a fada, babu mai biro ko guda. Na raɗa masa a kunne. Ya ɗago ya maimaita da ƙarfi, harafi-harafi, kamar mai karatun allo, wai yana ƙirga a nawa ne, m nawa ne.

Kun san sunan. Wadda aka kai Mirriya shekara shida da suka wuce. Yayanta na zaune kan benci yana fifita gawayi. Ya ajiye mafici ya dube ni. Wani ya ce, "Allah sarki." Baba tela, wanda ya rantse ba zai kusanci ƙaho ba, yana tsaye a kaina yana dariya har da riƙe ciki.

Bayan ta buɗe ne yaron ya ce ai da ma akwai wata hanya: lamba 2 a jerin farko da take nunawa in an kunna ta, ka shiga kai kaɗai, ka canza kalmar da umarnin passwd, ba sai kowa ya ji ba. Ya sani tun farko. Jaka biyu na ba shi don kada maganar ta kai gida, ya ce zai duba.

Daga baya na buɗe vi, manhajar gyara rubutu, na kasa fita, ina cikin lalube wuta ta ɗauke, batirin kuma da ma matacce ne. Kwamfutar tana nan ƙarƙashin gado. Shaddar ma har yanzu.