Kafin a sauke farantin satalayit, ga lissafin da ya kamata a yi

Alƙaluman da kamfanin Nielsen ya tattara na watan Mayun 2025 sun nuna cewa a Amurka kallo ta intanet ya cinye kashi 44.8 cikin ɗari na lokacin da mutane suka shafe a gaban talabijin. Tashoshin kebul da gidajen talabijin na gargajiya kuwa, ko da an haɗa su wuri guda, kashi 44.2 suka samu. Karon farko ke nan da hakan ta faru. Duk inda intanet ta yi ɗan ƙarfi a duniya, tambayar da ake yi a gidaje ɗaya ce: a sauke farantin nan ne, a mayar da dikoda kwali, a koma Netflix da ire-irenta? A ganina yawancin gidaje za su ci riba idan suka koma, sai dai ba ribar da ake yi musu talla da ita ba.

Abin da ake tallatawa shi ne arha, kuma a da gaskiya ne. Daga 2007 da Netflix ta fara haska fina-finai ta intanet har zuwa Janairun 2016 da ta buɗe a sabbin ƙasashe 130 a rana guda, masu gogayya da ita ba su da yawa, kamfanonin shirya fina-finai kuma suna ba ta hayar kayansu ba tare da sun ɗauke ta kishiya ba. Da kuɗi kaɗan mutum ya samu abin kallo jibge a wuri ɗaya. Daga baya masu kaya suka farga. Disney+ da Apple TV+ suka fito a Nuwamban 2019, HBO Max da Peacock a 2020, Paramount+ a 2021, masu tsofaffin kaya a cikinsu suka riƙa janye nasu suna kai wa shagunansu. Abin da a da biya ɗaya ke ba ka, yanzu sai ka biya wuri uku ko huɗu.

Ƙarin kuɗi ya biyo baya. YouTube TV, wadda ke kawo tashoshin kai tsaye ta intanet a Amurka, ta fara a 2017, kuma zuwa Janairun 2025 kuɗinta na wata ya ninka fiye da sau biyu. Netflix da ta shekara da shekaru tana cewa ba ruwanta da talla, a Nuwamban 2022 ta fito da tsari mai talla, a 2023 kuma ta tsaurara hana raba kalmar sirri da waɗanda ba gida ɗaya kuke ba. A Janairun 2024 Amazon ta cusa talla a Prime Video, wanda ba ya so sai ya ƙara kuɗi. A Yulin shekarar kuma aka haɗa Disney+ da Hulu da Max (sunan HBO Max a lokacin) a ƙunshi guda ana sayarwa, wato dai irin ƙunshin tashoshin da mutane suka baro kebul dominsa. Wanda ya yi rajista da manhajoji biyar ya bar su suna zarar kuɗi daga katinsa kowane wata, an gudu ne ba a tsira ba.

Ribar da ta rage, wadda kuma nake ganin ta fi arhar muhimmanci, ita ce sauƙin fita. Dikoda ta kamfani ɗaya ce, ba ta karɓar tashar wani. A wasu ƙasashe har yarjejeniyar shekara ɗaya ko biyu ake sa wa hannu, tashar da kake so kuma sau da yawa tana can a ƙunshi mafi tsada tare da tashoshi ɗari da ba ka taɓa tsayawa a kansu ba. Manhajar kallo kuwa wata-wata ake biya. Kana iya ɗaukar wannan a wannan wata, ka kalli abin da ya kawo ka, ka rufe, wata mai zuwa ka koma waccan. Yawancinsu idan ka soke rajista a ranar da ka biya, kallo bai tsaya ba sai watan ya cika, kuma sukan ajiye maka tarihin kallonka na tsawon watanni ko da za ka dawo. Kamfanonin sun san da wannan ƙofa, shi ya sa suke yin rangwame ga mai biyan shekara guda a dunƙule, suke sakin shiri mai dogon zango kashi ɗaya a mako don a ja ka zuwa wata na biyu da na uku, suke kuma barin sabunta rajista ta riƙa yin kanta. Ba laifi suka yi ba, kasuwa ce. Amma mai gida da bai saba danna maɓallin sokewa ba, ya bar abin da ya sa sauyin ya zama riba tun farko.

Saboda haka nake ganin mutane na fara lissafin ne daga wutsiya. Sai a sayi na'ura tukuna, sannan a zo ana tunanin me za a kalla da ita. Kamata ya yi a fara da duba abin da gidan ke kallo a zahiri, ba abin da ake zaton ana kallo ba. A sa ido na mako ɗaya ko biyu, za a tarar abubuwan ba su wuce uku ko huɗu ba: labarai, ƙwallo, katun na yara, da wani shiri da ake bi. Idan fina-finai da shirye-shirye masu dogon zango ne suka fi yawa, babu ma abin tattaunawa, intanet ta yi wa faranti nisa. Ga yara ma akwai sauƙi, tunda ana iya buɗe musu sashensu a kulle na manya da lambar sirri. Sai dai a tuna, katun na tashar satalayit yana ƙarewa a sa wani abu da yaro ba ya so, ya tashi da kansa. Na manhaja ba ya ƙarewa, wani na bin wani, sai an shiga saiti an kashe wannan ɗabi'a.

Ƙwallo ce inda maganar ke canzawa. Tauraron ɗan'adam da ke can sama, kimanin kilomita 35,786 daga doron ƙasa, saƙo ɗaya yake watsowa, ko mutum dubu ne ke kallo ko miliyan hamsin, nauyinsa bai ƙaru ba. Intanet kuwa kowane mai kallo sai an aiko masa da nasa, a yanka hoton gunduwa-gunduwa, na'urarsa ta tara kaɗan kafin ta fara nunawa. Wannan tarawar ce ke jawo jinkiri, sau da yawa na daƙiƙa talatin ko fiye. Ɗan wasa na ajiye ƙwallo zai buga fenareti a allonka, ihu ya riga ya tashi a gidan maƙwabci mai faranti, wayarka kuma ta riga ta yi ƙara da saƙon sakamako. Idan taro ya yi yawa kuma, abin kan sarƙe. A daren damben Mike Tyson da Jake Paul a Nuwamban 2024, Netflix ta ce na'urori miliyan 65 ne suka kalla a lokaci guda, kuma masu kallo da dama sun kwana suna ƙorafin hoto na tsayawa, da'irar nan na ta juyawa a tsakiyar allo. Faranti ma yana da nasa ciwon, kowa ya san yadda hoto ke wargajewa idan hadari ya haɗu aka kece da ruwa. Amma ruwa yana ɗaukewa, kuma ba ranar wasan ƙarshe yake zaɓa ba.

Ga kuma rarrabuwar haƙƙin nuna wasanni. A Amurka, wasannin daren Alhamis na gasar NFL ta ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka sun koma Amazon a 2022, babban ƙunshin wasannin Lahadi da DirecTV ta riƙe tun 1994 ya koma YouTube a 2023, gasar ƙwallon ƙafa ta MLS ta koma Apple a shekarar. A Birtaniya Amazon ta yi shekaru tana nuna wasanni 20 na gasar Firimiya a kowace kaka daga 2019, sauran suna hannun wasu. Ana sayar da wannan haƙƙi ƙasa-ƙasa ne, don haka manhajar da ke nuna gasa a wata ƙasa ba lallai ta nuna ta a taka ba. Gidan da ƙwallo ce ta sa aka kafa faranti, kada a yi gaggawar kwance shi sai an tabbatar da wanda ke riƙe da gasar da ake bi. Ba abin kunya ba ne a riƙa biyan dikoda a lokacin kaka a bar ta ta huta idan an tafi hutu.

Abu na biyu shi ne layin intanet, kuma nan ne lissafin mutane da yawa ke rushewa. Netflix da kanta ta bayyana cewa awa ɗaya ta hoto mai tsabta, wanda ake kira HD, na iya cin gigabayit 3, na 4K, wanda ya fi shi tsabta, kuma har 7, mafi ƙanƙantar inganci kuwa kusan 0.3. Gidan da ke kallon awa huɗu a rana a HD zai iya cinye gigabayit 360 a wata, a allo ɗaya kawai. Idan yara na kallon nasu a wani ɗaki, a ƙara. Wanda layinsa ba shi da iyaka bai damu ba. Wanda ke sayen data da awo kuwa, kuɗin data ne ainihin kuɗin talabijin ɗinsa, na manhajar somin-taɓi ne. Shi faranti ko an kwana an wuni da shi a kunne, kuɗinsa bai motsa ba.

Gudun layin bai kai yadda ake tsoratar da mutane ba: megabit 5 a daƙiƙa ya isa cikakken HD, 15 ya isa 4K. Abin dubawa shi ne ko layin na riƙe wannan gudu da daddare, lokacin da kowa ya dawo gida ya hau. A tsaya kusa da talabijin ɗin da misalin ƙarfe tara na dare a gwada, ba kusa da rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, da hantsi ba. Idan da hali a ja waya daga rauta zuwa na'urar, ya fi dogaro da Wi-Fi da ke ratsa bango biyu. A ƙaramin allo kuma, rage ingancin hoto zuwa matsakaici ba ya rage daɗin kallo yadda yake rage cin data.

Sai a ƙarshe a zo kan na'ura, kuma ita ce mafi sauƙin zaɓi. Idan talabijin ɗin na zamani ne mai manhajoji a ciki kuma yana aiki lafiya, a fara da shi. Matsalarsa tsufa: allo na iya shekara goma garau, ƙwaƙwalwar cikinsa kuwa ta gaji tun da wuri. A Disamban 2019 Netflix ta daina aiki a wasu tsofaffin talabijin na Samsung da Vizio da na'urorin Roku na farko. Maganin ba sabon talabijin ba ne, 'yar ƙaramar na'ura ce da ake soka wa a ramin HDMI da ke jikin talabijin. Roku tun 2008 take wannan sana'a, Fire TV Stick na Amazon ya fito a 2014, Google ta dakatar da Chromecast a 2024 ta maye gurbinsa da Google TV Streamer, ga kuma Apple TV ga mai hali. Manyan manhajoji duk suna kan kowacce. Abin tambaya kawai shi ne ko manhajar da kake buƙata tana aiki a kanta a ƙasarka, ko tana da ramin wayar intanet, da ko rimot ɗinta zai yi wa mutanen gidan sauƙi.

Arhar waɗannan na'urori tana da dalili. Roku ta fi samun kuɗi daga talla da kason rajista fiye da sayar da na'ura. A 2017 hukumomi a Amurka sun sa Vizio biyan dala miliyan 2.2 saboda tattara bayanan abin da ake kallo a talabijin miliyan 11 ba da sanin masu su ba, kuma a 2024 Walmart ta saye kamfanin kan kusan dala biliyan 2.3, ba don son allo ba, don kasuwar tallan da ke cikinsa. Yawancin talabijin na zamani suna da wannan ido mai gane abin da ke kan allo, kuma ana iya kashe shi a sashen sirri na saiti. Minti biyar ne aikin.

Wadda zan ce a guje wa kai tsaye ita ce akwatin nan marar suna da ake cewa yana da dubban tashoshi kyauta har abada. Ban da batun satar fasaha, galibinsu ba su da shaidar amincewar Google, don haka manhajoji na halal kan ƙi ba su hoto mai tsabta ko su ƙi buɗewa sam. Mafi muni, a Yunin 2025 hukumar FBI ta yi gargaɗi kan wata muguwar manhaja mai suna BADBOX 2.0 da ake samu a irin waɗannan akwatuna, wasu tun daga masana'anta, wata guda bayan haka kuma Google ta shigar da ƙara tana cewa na'urori fiye da miliyan 10 ne suka kamu. Akwatin na zaune a falonka, wasu can suna amfani da layin gidanka wajen aikata zamba.

Akwai mutum ɗaya da ake mantawa da shi a duk wannan lissafi, shi ne dattijon gida. Shi ya saba ya danna lamba biyu ko uku, labarai su fito. Yanzu an miƙa masa rimot marar lambobi, allo cike da hotuna, ana tambayarsa wane ne ke kallo, sannan a ce ya zaɓa. Da yawa sukan ajiye rimot ɗin su haƙura, ba sa ma faɗa. Idan akwai irinsa a gida, a haɗa masa eriya. A ƙasashe da dama tashoshin labarai na cikin gida kyauta suke zuwa ta iska, ba data ba kuɗin wata, kuma ranar da intanet ta ɗauke su ne za su rage a gidan. A nuna masa maɓallin da ke mayar da talabijin daga manhaja zuwa eriya, in ya so a ɗan manna masa alama a kai.