Ruwan Lagireto Da Birran Hada

Ni fa ban san ruwan lagireto yana da mazhabobi ba sai da na sayi mota a nan Saudiyya. Abin da na tashi na gani a Kano shi ne direba ya ɗaga bonet da safe, ya ɗura ruwan buta, ya yi bismillah ya ba ta wuta, magana ta ƙare. To na samu wata Camry 2012 a haraj ɗin Jidda, wato kasuwar gwanjon motoci, mai ita yana ta rantsuwa wai daga gida sai masallaci yake zuwa da ita, na kawo ta Makka ina washe baki, ba a jima ba na lura ruwan da ke cikin 'yar robar nan ta gefe ya sauka ƙasa da layi, kuma kalarsa ma ba za ka ce ga sunanta ba.

Na nufi sina'iyya wajen masu kayan mota na ce a ba ni moyar lagireto. Mai shagon ya nuna min kanta, kai jama'a, ga kore, ga ja, ga ruwan hoda, ga shuɗi, har da ruwan ɗorawa. Na ce wanne ne na motata? Ya ce sadik kullu sem sem, mafi mushkila. Na ce in duk ɗaya ne me ya sa wannan riyal goma wancan ya ninka shi har sau biyar? Ya ɗaga kafaɗa ya koma kan wayarsa. Abin da ya ƙara ɗaure min kai, a jikin jarkokin an zana ƙanƙara, wai maganin daskarewa ne har ƙasa da sifili da digiri talatin da wani abu. A Makka! Garin da zafi ke haura 45 ba ko sallama, sitiyari ma sai ka sa hankici kake iya riƙe shi da azahar.

Sai na kira Kawu. Kawu ya daɗe yana jigilar fasinja tsakanin Jidda da Makka tun ana yayin Cressida, duk Shara Mansur, unguwar Hausawa a Makka, in ana maganar mota shi ne mai fatawa. Ya ce, kai yaro kar su cinye maka kuɗi, kore shi ne na asali, sauran duk rini ne, ni da ruwan famfo na yi ta fama kuma ga ni da raina. Na kira mijin ƙanwata, shi kuma ya ce ja, ai motar Japan ja take sha, wanda ya sa mata kore ya cuce ta. Maƙwabcina ya ce duk ku bar wannan, ka tari ruwan da ke ɗiga daga mukayyif, wato AC, kyauta ne kuma ba gishiri a ciki. Uwargida da na tambaya don dai a yi adalci ta ce ruwan hodar ya fi kyau a ido.

Na sayi kore saboda Kawu, na sayi ja saboda kar suruki ya ji haushi. Da na kai su gida autanmu ya zo da kofi a guje yana murna an sayo lemo, uwarsa ta yi kansa da ihu, ashe ta fi ni sani, abin guba ne sosai kuma zaƙi gare shi, shi ya sa yara da maguna ke afka masa. Ta kulle su a sito ta riƙe makulli. Washegari Kawu ya zo da kansa ya ɗura koren, suruki ya biyo baya da yamma ya ce ai ba ta cika ba ya ƙara jan, ni dai ina tsaye ina riƙe da murfi, don ba a yi min tarbiyyar musu da manya ba.

Motar ta yi ta yawonta cikin gari lafiya lau har zafi ya tsananta aka ce a fita Ɗa'if shan iska ranar Juma'a. Muka cika ta, Kawu a gaba, uwargida da yara a baya, ga kular shinkafa da kaza, ga filas ɗin shayi. Wanda ya san hanyar Hada ya san ba wasa ba ce, hawa ne mai lanƙwasa iri-iri har ka kai kusan mita 2,000, mukayyif yana ta aiki. Muna tsakiyar hawa na ga allurar zafi ta bar tsakiya tana tafiya sama a hankali, na ce Kawu ka ga allura? Ya ce ƙaryar allura ne, taka. Na taka. Sai wani wari mai zaƙi-zaƙi ya cika motar, tururi ya fara fita ta gefen bonet, na samu wuri na raɓe.

Kawu ya naɗe hannun riga zai buɗe murfin lagireto, wani direban babbar mota da ke hutawa ya daka masa tsawa, ya hajj la la la! Ya ce ruwan nan a matse yake, ka buɗe yanzu fuskarka ce za ta dahu. Muna cikin wannan ne uwargida ta fito da kula don yara su ci abinci kafin motar ta huce, ba mu ankara ba birran dutsen nan suka sauko, wani ƙato mai furfura ya zo ya sure kazar gaba ɗaya ya hau kan dutse ya zauna yana ci yana kallonmu, wani ya ɗauke ledar burodi, ƙaramin cikinsu ya hau rufin motar yana jan wayfa. Yara na kuka, Kawu na jifa da takalmi, takalmin ma bai dawo ba.

Da sadaha aka sauko da mu, wato motar ɗaukar mota, kuɗinta kaɗai ya sayi ruwan hodar nan jarka da yawa. Bakaniken da muka samu Bahaushen Sudan ne, ɗan Mai Wurno, Hausarsa tas sai dai ya ɗan sirka da Larabci. Ya kwance tiyon ƙasa, abin da ya zubo sak kunun tsamiya da ya kwana. Ya ce ya akhi wa ya yi wannan aika-aika? Kowa ya kalli gefe. Ya ce kala fa rini ce kawai, kamfani na iya zuba wadda ya ga dama, abin dubawa shi ne maganin tsatsar da ke ciki. Koren da aka saba na da ne, bayan kamar shekara biyu ƙarfinsa ya ƙare sai a canza, sababbin kuwa suna daɗewa, kuma in ka gauraya waɗanda ba sa jituwa sukan kashe wa juna ƙarfi, wani lokacin har su yi kauri su toshe hanya. Ga kuma tsohon mai motar ya sha ɗura mata ruwan famfo, gishirinsa ya daskare a cikin 'yan bututun lagireton. Na ce to zancen ƙanƙara fa? Ya ce maganin da ke hana daskarewa shi ne dai yake ɗaga wurin tafasa, ruwa zalla a 100 yake tafasa, wannan in an haɗa rabi da rabi ga murfi mai kyau sai ya wuce 120.

Sai ya buɗe aljihun gaban mota ya zaro littafinta, sabo fil ko buɗe shi ba a taɓa yi ba, ya nuna mana. Ruwan hoda take sha, wanda aka riga aka haɗa, na farko yana kai kilomita 160,000, daga nan duk 80,000. Uwargida ba ta ce komai ba, gyaran murya kawai ta yi, amma har yau in muka yi musu a kan ko menene sai ta ce Alhaji a ɗauko littafi?

An wanke, an canza lagireto, Allah Ya taimaka gasket bai ƙone ba. Kawu kuwa yana nan a kan bakansa, wai jan suruki ne ya ɓata lamarin, suruki ya ce koren Kawu ne, sun daina zama kusa da juna a majalisa. Ragowar koren Kawu ya aiko a ba shi zai sa a tasa motar, kuma ya ce in haɗo masa da kuɗin takalmi.